Yadda Ake Yanke Kuɗin Hayar Gareji da Filin Fakin na Ƙaramar Hukuma

Wannan bayani na rubuta shi ne domin sabon ma'aikacin sashen kuɗin shiga, ko kansilan da aka jefa cikin kwamiti aka ce ya kawo sabon farashin garejojin hukuma da filayen ajiye motoci, shi kuwa bai san ta inda zai kama ba. Na daɗe ina wannan aiki, kuma kusan duk inda na je ciwon iri ɗaya ne. Farashin da ke cikin littafi an yanke shi tun shekaru da dama, ba wanda ya sake waiwayarsa, alhali wanda ke zaune a garejin yana biyan ninkin ba ninkinsa ga wani mutum daban da ya riƙe takardar wurin. Wato kuɗin na fita daga aljihun talaka kamar yadda ya kamata, sai dai ba ya isa baitulmali. Aikinka shi ne ka gano farashi biyu, abin da wurin ke ci wa hukuma da abin da mutane ke biya a zahiri, sannan ka tsayar da naka a tsakaninsu.

Kayan da za ka tanada

Ka nemi rajistar kadarorin hukuma daga sashen ayyuka, da kwafin dokar ƙaramar hukuma da ta shafi tasha da kasuwa, da kututturen rasit na shekara uku da suka wuce daga ofishin ma'aji. Ka sami tef na awo mai mita 50, gwangwanin fenti da buroshi, wayar da ke ɗaukar hoto, babban littafi mai layi, da kalkuleta. In kana da kwamfuta mai Excel za ta rage maka wahala, in babu, littafin ya isa. Sai matasa biyu amintattu da za su taya ka ƙirga motoci. Kada ka ɗauko su daga cikin masu yankan tikiti a filin, dalili kuwa a bayyane yake.

Ka fara aikin a watan Satumba ko Oktoba, domin sabon farashi ya shiga kasafin kuɗin da zai soma aiki a Janairu.

Mataki na 1: Tabbatar da cewa wurin na hukuma ne, kuma doka ta ba ta iko

Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, sashe na 7 kuma ya bar wa majalisar dokokin jiha tsara yadda ƙananan hukumomi za su gudana. Saboda haka dokar jiharka ita ce abin dubawa na farko. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998 ta jera kuɗin tasha da tarar fakin ba bisa ƙa'ida ba cikin abin da ƙaramar hukuma ke karɓa, ta kuma hana kafa shinge a kan hanya domin karɓar haraji. A watan Yunin 2025 an sa hannu kan sababbin dokokin haraji na tarayya da suka fara aiki a Janairun 2026, don haka ka leƙa hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha ka karɓo jerin da ake aiki da shi yanzu. A wasu jihohi, kamar Kaduna tun dokarta ta 2016, hukumar jiha ce ke riƙe da karɓar kuɗin, kuma an hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu.

Ka rarrabe abu biyu tun daga nan. Kuɗin haya yarjejeniya ce tsakanin mai wuri da mai amfani da shi. Haraji kuwa doka ce ke ɗora shi. In ka cakuɗa su a rasit ɗaya, ranar da aka soke harajin sai hayar ma ta bi shi.

Gefen titin tarayya ko na jiha ba naka ba ne, kada ka ja masa layi ka ce za ka ba da haya. In takardar mallakar filin ta ɓace, abin da yake yawan faruwa, ka sa jami'in filaye ya zana taswirarsa, dagaci da masu unguwa da maƙwabtan filin su sa hannu kan iyakoki, a shigar da shi rajista kafin a ci gaba.

Mataki na 2: Ƙirga, auna, ka buga lamba

Ka taka da ƙafarka. Kowane gareji ka auna tsawo da faɗi, ka buga masa lamba da fenti a jikin ƙofa, ka ɗauki hoto, ka rubuta halin rufi da ƙofa da daɓe, da ko akwai wuta. Sannan ka rubuta suna biyu: sunan da ke cikin rajista, da sunan wanda ka tarar a ciki. Inda sunayen suka bambanta ka sa alama da jan biro. A nan za ka tarar da gareji da sunan wanda ya rasu tun tuni, da wanda aka mayar da shi sito na buhunan masara, da wanda bakanike ke ciki yana biyan wani tsohon ma'aikaci duk wata.

Filin fakin kuwa, ƙaramar mota na cin mita 2.5 a faɗi da mita 5 a tsawo. Amma kada ka raba faɗin filin da wannan kaɗai, domin mota sai ta sami hanyar shiga da ta juyawa. Ka ware wa kowace mota kimanin murabba'in mita 30. Fili mai mita 40 da mita 30, wato murabba'in mita 1,200, zai ɗauki mota 40 ke nan. Tirela tana buƙatar kimanin mita 3.5 a faɗi da mita 18 a tsawo, ban da wurin kwana, shi ya sa ba a haɗa lissafinta da na ƙananan motoci.

Daga nan sai ƙirgar motoci na mako biyu. Yaranka su ƙirga abin da ke cikin filin sau huɗu a rana: da hantsi, bayan azahar, bayan la'asar, da bayan isha'i, su kuma rubuta yawan motocin da suka shiga gaba ɗaya. In garinku na kasuwar mako ne, irin Wudil ranar Juma'a, Maigatari ranar Alhamis ko Dambatta ranar Lahadi, ka raba lissafin ranar kasuwa da na sauran ranaku. Filin da ke cika maƙil sau 52 a shekara, ya wuni fayau a sauran ranakun, ba a yi masa lissafin kwana 365.

Mataki na 3: Lissafa abin da wurin ke ci a shekara

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ƙashin bayan aikin duka. Ga misali da alƙaluman da na ɗauka don koyarwa kawai, kai ka sa na garinku. A ce jerin gareji 20 ne:

Masu gadi biyu, kowanne a kan naira 70,000 a wata, wato mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024: naira 1,680,000.
Shara da yashe kwata: naira 240,000.
Ƙananan gyare-gyare, irin yoyon rufi, sakata, walda da fenti: naira 400,000.
Wuta ko kula da fitilun sola: naira 180,000.
Buga rasit da takardu da kuɗin na'urar karɓar kuɗi: naira 100,000.
Ajiyar babban gyara: naira 600,000.

Na ƙarshen nan yana buƙatar bayani. Kwanon rufi da ƙofofin ƙarfe suna da wa'adi. In injiniyan sashen ayyuka ya ce sake su gaba ɗaya zai ci naira miliyan 9, kuma za su yi shekara 15, to kowace shekara wurin yana cinye naira 600,000 ko da ba a fitar da ko kwabo ba. Wanda bai sa wannan a lissafi ba zai ga kamar yana cin riba, har ranar da iskar farkon damina ta yaye rufin, a rasa kuɗin mayarwa. Kuma ka yi amfani da farashin kayan gini na yau. Tun cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 farashin siminti da kwano da rodi ya yi tashin da tsohon kiyasi ba shi da sauran amfani. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024.

Jimilla naira 3,200,000. Kada ka raba da 20. A kowace shekara za a sami garejin da ya zauna babu kowa, da ɗan hayan da ya gudu da bashi. Ka cire kashi 10 cikin 100, ka raba da 18. Zai ba ka kusan naira 178,000 a shekara, wato kimanin naira 15,000 a wata. Wannan shi ne ƙasan farashi. Duk abin da ya gaza haka, kuɗin asibiti da makarantar firamare ne ake ɗiba ana tallafa wa mai mota.

In masu gadin nan su ne kuma ke gadin filin fakin, ka raba albashinsu tsakanin wuraren biyu, kada ka ɗora shi sau biyu. In babu bayanan kashe kuɗi na baya, ka sa magini da mai walda da mai sayar da kwano su ba ka kiyasi a rubuce, mutum biyu biyu, ka ɗauki tsaka-tsaki.

Na filin fakin haka yake, sai dai a ƙara zuba marmara ko tsakuwa bayan damina, da ladan masu yankan tikiti. A ce ya kama naira 2,400,000 a shekara, ana aiki kwana 300, mota 60 na shiga a rana. Shiga 18,000 ke nan, kowace ta kama naira 133.

Mataki na 4: Gano farashin da ake biya a gari

Ka zagaya wuraren 'yan kasuwa masu zaman kansu da ke kusa: masu ba da hayar gareji, gidajen mai da ake kwanar da mota, filayen da ake ajiye A Daidaita Sahu da dare. Wuri biyar ko shida ya isa. Kada ka je da rigar ofis, ka tura wani ya tambaya kamar mai neman wuri.

Amma mafi gaskiyar farashi yana cikin garejinku, wurin waɗanda ka sa wa jan biro. Abin da bakanike ke biyan mai riƙe da takarda shi ne ainihin darajar wurin, tunda ba wanda ya tilasta masa. Ba zai faɗa maka a gaban mutane ba. Ka same shi shi kaɗai, ka tabbatar masa ba korarsa za a yi ba, hasali ma so ake a mayar da takardar da sunansa. A misalinmu, a ce rajista na cewa naira 3,000 a wata, shi kuwa yana biyan 25,000. To ka sami saman farashi.

Mataki na 5: Kasa wuraren aji-aji

Aji uku sun isa. Na ɗaya, na bakin titi ko ƙofar kasuwa mai rufi da wuta. Na biyu, na ciki mai lafiya. Na uku, na can ƙurya ko wanda ruwa ke kwanciya a gabansa. In ka wuce aji uku, kowa zai zo da dalilin da ya sa nasa ya kamata ya sauka aji. Wanda ke sana'a a ciki, kamar bakanike ko mai fenti, ya fi mai ajiye motar gida cin wurin da ɓata daɓe, don haka a ƙara masa wani abu a kan ajinsa.

Mataki na 6: Tsayar da farashi

Yanzu kana da ƙasa, 15,000, da sama, 25,000. Ni nakan tsaya a wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na farashin gari, wato 19,000 zuwa 20,000 ga aji na biyu, a ɗaga na ɗaya kaɗan, a sauke na uku amma kada ya faɗi ƙasa da kuɗin da wurin ke ci. Hukuma ba 'yar kasuwa ba ce, bai kamata ta zama ita ce mai tsadar gari ba. In kuma ta yi araha da yawa, masu hanya za su kame wuraren su sayar da su a bayan fage, mu koma gidan jiya.

Wani lokaci lissafi kan juye, abin da wurin ke ci ya fi abin da mutane za su iya biya. Wannan ba matsalar farashi ba ce. Ko dai a rage kashe kuɗi, misali mai gadi ɗaya maimakon biyu, ko a sauya wa wurin aiki, a mayar da shi shaguna ko sito. Ka rubuta wa majalisar kansiloli haka ƙarara.

Kada ka tashi daga 3,000 ka dira a 20,000 dare ɗaya ga wanda yake zaune da sunansa yana biya a kan lokaci. Ka raba shi shekara uku: 8,000, sai 14,000, sai 20,000, kuma a sanar da duka ukun tun ranar farko. Sabon shiga ya biya cikakken farashi. Wanda yake biyan 25,000 a bayan fage, in aka mayar da takarda da sunansa a kan 20,000, sauƙi ya samu, kuma shi ne zai fi kowa goyon bayanka a wurin taro.

A filin fakin, 133 ɗin nan ka mayar da ita 200. Farashin da ke buƙatar canji rigima ne kullum, canjin kuma a aljihun mai tikiti yake ƙarewa. Babur da A Daidaita Sahu ƙasa da haka, bas da a-kori-kura sama, tirela kuwa a yi mata kuɗin kwana gwargwadon filin da take ci, wanda ya kai na ƙananan motoci biyar. A wuraren da manyan motoci ke jiran lodi, irin kewayen kasuwar hatsi ta Dawanau, kuɗin kwana ya fi kuɗin shiga ma'ana. Mai son biyan wata, a yi masa kuɗin kwana 20.

Ƙirgar da yaranka suka yi ita za ta gaya maka ko farashin ya zauna daidai. Masana harkar sufuri na auna shi da cikar kashi 85 cikin 100: a fili mai ɗaukar mota 40, a lokacin cunkoso a sami kamar 34 a ciki, gurbi 6 a buɗe. In kullum a cike yake har ana jere a titi, farashin ya yi ƙasa. In rabinsa fayau ne motoci na kan titi, ko ya yi tsada, ko kuma ba wanda ke hana fakin a titin, kuma na biyun ya fi yawa.

Rangwame a rubuta shi cikin jadawalin, da sunan rukuni: masu buƙata ta musamman, motar asibiti, motar ɗaukar gawa. Rangwamen da ba a rubuta ba shi ne ƙofar "motar Alhaji ce" da "yaron Ciyaman ne".

Mataki na 7: Zama da mutanen wurin kafin a kai majalisa

Ka fara da gaisuwa wurin hakimi, ka yi masa bayani, kada ya ji labari a bakin masu ƙorafi. Sannan a kira Sarkin Tasha, Sarkin Kasuwa, shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW, na masu motocin haya, da na makanikai. Ka zo da lissafin mataki na 3 a rubuce da manyan baƙaƙe, da Hausa, ka manna a bango. Mutane sun fi haƙuri da ƙari in sun ga inda kuɗin zai tafi. Za su ce, "Ranka ya daɗe, shekara nawa muna biya ba a taɓa toshe mana yoyo ba?" Gaskiyarsu ce. Amsar da ke aiki ita ce a yi wani gyara da ido zai gani kafin sabon farashi ya fara, ko da fitilu ne da cike ramukan ƙofar shiga.

Ka shigo da abin da za ka iya sassautawa, kamar tsawon wa'adin ƙari ko biya kashi-kashi, ka kuma san abin da ba ka taɓawa, wato ƙasan farashi bayan wa'adin ƙarin ya cika. A rarrabe kuɗin ƙungiya da kuɗin hukuma a gaban kowa, kowanne da tikitinsa da launinsa. A rubuta abin da aka tattauna, mahalarta su sa hannu. Kada a sa ranar fara sabon farashi cikin azumi ko gab da Sallah.

Mataki na 8: Amincewar majalisa da sanarwa

Ka rubuta takarda mai shafi biyu ko uku zuwa kwamitin kuɗi: farashin yanzu, abin da wurin ke ci, farashin gari, shawararka, da kuɗin da ake sa ran samu. Daga nan ta tafi majalisar kansiloli a mayar da ita doka ko a gyara jadawalin tsohuwar, bisa tsarin jiharku. Farashin da shugaban ƙaramar hukuma ya faɗa da baki, ko aka rubuta a takardar ofis kawai, ba ya tsayuwa a gaban alƙali. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi 774, ido ya ƙara dawowa kan yadda suke tafiyar da kuɗinsu, don haka ka adana kowace takarda a fayil ɗaya inda mai binciken kuɗi zai same ta.

A ba 'yan haya sanarwa a rubuce aƙalla wata uku kafin ranar, kowa ya sa hannu ya karɓa. A kafa allon farashi a ƙofar fili, da Hausa da Turanci, da Ajami in garin na masu karanta shi ne, a rubuta lambar wayar kai ƙara a ƙasa. A sa sanƙira ya zagaya ranar kasuwa.

Mataki na 9: Yarjejeniya da karɓar kuɗi

Kowane ɗan haya ya sa hannu a takardar shekara ɗaya mai sabuntuwa, da hotonsa da mai tsaya masa. A rubuta a ciki: ba a ba wani haya a kan haya, ba a kwana a ciki, ba a ajiye fetur ko gas, ƙaramin gyara na ɗan haya ne, rufi da bango na hukuma. Gadon gareji babu shi. In mai wuri ya rasu, magada su zo a sake takarda da sunan wanda zai yi amfani da shi. Batun sata ko gobara a filin fakin, lauyan hukuma ne zai rubuta iyakar alhakinta, a sa a bayan tikiti da kan allo, domin wanda ya biya kuɗi ya ga mai gadi zai ɗauka an lamunce masa motarsa.

Kuɗin haya ya tafi asusun banki kai tsaye, ɗan haya ya kawo shaidar biya a ba shi rasit. A filin fakin a yi amfani da POS mai sunan hukuma, ba na wani ma'aikaci ba. Inda babu sabis, tikiti mai lamba a jere, wanda ke riƙe da littattafan tikiti daban, mai yanka daban, a kai kuɗi banki washegari. Lokaci-lokaci ka aika a ƙirga motoci ba tare da sanarwa ba, ka gwada da tikitin da aka yanka a ranar.

In majalisa ta zaɓi ba ɗan kwangila filin ya riƙa biyan kuɗi dunƙule, ƙirgarka ce za ta hana a yi muku wayo. Mota 60 a naira 200 na kwana 300 naira 3,600,000 ne; daga nan ake cire ladansa da abin da zai kashe, a san abin da zai kawo. Kwangilar kada ta wuce shekara ɗaya ko biyu, kuma farashin allo ya ɗaure shi.

Mai bashi a rubuta masa takarda a wata na biyu, a kira mai tsaya masa a wata na uku, daga nan a bi hanyar kotu. Kada ka fasa kwaɗon kowa ko ka fitar da kayansa da hannunka, ko da bashin shekara ne a kansa. A cikin dokar kuma a sa sharaɗin duba farashi duk watan Oktoba: a sabunta alƙaluman mataki na 3, a sake ƙirgar mako biyu, a kai wa kwamitin kuɗi sakamakon ko da shawarar ita ce a bar farashin yadda yake.